Tambayi Likita: Gishiri a Ruwan Sha, Ƙunar Alewa da Insulin da Ya Daskare

Assalamu alaikum likita. Surukata ta ce in riƙa jefa gishiri a ruwan da nake tafasa wa yara, wai yana ƙara wa ruwa zafi har ya fi kashe ƙwayoyin cuta, tunda garinmu akwai sanyi. Gaskiya ne? Daga uwar 'ya'ya uku, Jos.

Wa alaikumus salam, baiwar Allah. Maganar Hajiya tana da tushe, sai dai ƙarin zafin bai kai ya yi miki amfani ba. A bakin teku, tsabtataccen ruwa yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos. Idan aka narkar da gishiri ko sukari a ciki, ƙwayoyinsa sukan cakuɗe da na ruwan, su rage yawan waɗanda ke iya tashi su zama tururi, don haka sai zafi ya ɗan ƙaru kafin ya tafasa. Amma kafin ki samu ƙarin digiri 1 kacal, sai kin zuba gishiri kusan giram 58 a lita ɗaya, wato wajen ƙaramin cokali goma. Ruwan teku giram 35 ne a lita, kuma ba ya shayuwa. Ɗan barbaɗen da za ki yi ba zai canja komai ba sai ɗanɗano.

A Jos ma ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96. Ba sanyin gari ya jawo haka ba, tudu ne: garin yana sama da teku da kimanin mita 1,200, nauyin iskar da ke danne ruwa ya ragu. Kada wannan ya dame ki. Ƙwayoyin kwalara da taifot da masu kawo gudawa suna mutuwa tun zafi bai kai nan ba. Ki bar ruwa ya tafasa yana ɓararraka na minti ɗaya cur, ki sauke, ya huce a rufe, ki ajiye a mazubi mai murfi wanda ba a tsoma hannu ko kofi a ciki. Sau da yawa bayan an tafasa ne ruwa ke sake gurɓata.

Abin da ya fi damuna shi ne gishirin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, yaro kuwa ƙasa da haka, ga shi miyarmu da dunƙule sun riga sun cika mudun. Ruwan sha mai gishiri ga yaro sai lokacin gudawa, shi ma da awo: ƙunshin ORS (garin haɗa ruwan gishiri da sukari) ɗaya a lita ɗaya, ko idan babu, shafaffen ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya.

Tunda muna maganar tukunya, kanwar da ake sa wa wake ita ma ba zafi take ƙarawa ba, laushin ƙwayar waken take gaggautawa, kuma tana lalata sinadarin bitamin B1. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar masu jego. A rage ta.

Likita, sana'ar alewa nake yi. Narkakken sukari ya fallatsa wa ɗiyata a hannu, ƙunar ta fi ta ruwan zafi muni nesa ba kusa ba. Me ya sa? Man goge baki muka shafa mata. Daga Zinder.

Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. A nan ne abin da ya zama ɗan kaɗan a tukunyar ruwan sha yake zama babba. Yayin da kike dafa sukari ruwa yana ta ƙonewa, sukarin yana ƙara kauri, zafin da yake tafasa a kai yana ta hawa. Lokacin da ya kai matakin da za ki ɗiga shi a ruwan sanyi ya ƙame ya karye, ya kai wajen digiri 150. Ruwan zafi yakan zube ya gangare, shi kuwa wannan manne wa fata yake yi yana ci gaba da cinta, shi ya sa ƙunarsa ke yin zurfi ko da wurin ƙarami ne.

Man goge baki kuskure ne, haka ɗanyen ƙwai, manja, toka da gishiri. Suna kawo ƙwayoyin cuta, kuma sai an kankare su a asibiti yarinya na ihu. Abin yi nan take shi ne a kwarara wa wurin ruwa mai sanyi na famfo ko na randa har minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro kafin hannu ya kumbura, kada a fizge tufar da ta manne, kada a fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ƙuna a hannu, fuska, gaɓa ko al'aura, ko wadda ta fi tafin hannun yaron girma, ta asibiti ce. Ki kai ta yau a duba zurfinta da batun allurar tetanus, domin ƙunar hannu idan ta warke ba daidai ba takan ƙanƙance yatsu. Kuma don Allah a raba yara da gindin murhu ranar dahuwar alewa.

Na gurɗe a wurin ƙwallo, abokina ya ce in barbaɗa gishiri a ƙanƙara in ɗora, ta fi sanyi. Daga wani ɗalibi, Kaduna.

Ta fi sanyi kuwa, shi ya sa ba na so ka yi. Gishiri yana sauke matakin daskarewar ruwa, har haɗin ƙanƙara da gishiri ya iya kaiwa digiri 21 ƙasa da sifili. Ruwan jikinka yana fara daskarewa ne da kimanin rabin digiri ƙasa da sifili, saboda haka cikin 'yan mintuna fata za ta mutu, kuma ba za ka ji ba don sanyin ya kashe jin wurin. Naɗe ƙanƙara zalla a tawul, minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar. Idan ba ka iya takawa, je a ɗauki hoto.

Ina da ciwon suga. Saboda rashin wuta, in an kawo sai in sa insulin a firiza. Na ga ya daskare, ya narke kuma ya koma kamar da. In yi amfani da shi? Daga wani dattijo, Sakkwato.

A'a, Baba, a yar da shi, duk da na san tsadarsa. Abubuwan da ke narke a kwalbar kaɗan ne, ba sa hana ta daskarewa a firiza, wadda sanyinta kan kai digiri 18 ƙasa da sifili. Da ruwan ya zama ƙanƙara, insulin ɗin yakan cure ya lalace, ido kuma ba lallai ya gane ba. Za ku yi allura suga ya ƙi sauka. Wurinsa cikin firji ne, tsakanin digiri 2 da 8, nesa da bangon da ke yin ƙanƙara. Yawancin kwalaben da aka fara amfani da su suna kai mako huɗu a wurin da zafi bai wuce digiri 30 ba. A zafin Sakkwato, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Arewa, tana taimakawa sosai. Ku sa kwalbar a leda kada ta jiƙe, a ajiye a inuwa mai iska.

Ni bakanike ne. Me ya bambanta ruwan lagireto mai kala da ruwan famfo? Yarona yakan zuƙo shi da baki ta tiyo, ya ce zaƙi gare shi. Daga Kano.

Malam, ka hana shi daga yau. Ruwan nan yawanci wani sinadari ne mai suna etilin gilaikol haɗe da ruwa. Idan rabi da rabi ne ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, abin da ya sa ƙasashen sanyi ba sa rabuwa da shi, kuma yana ɗaga matakin tafasa ya haura 100, yana ɗauke da maganin tsatsa, wanda shi ne amfaninsa a wurinmu. Amma zaƙin nan guba ne. Hanta tana juya shi ya zama sinadarai masu lalata ƙoda. Ɗan'uwansa dayetilin gilaikol ne ya gurɓata maganin haƙoran jarirai My Pikin a 2008, yara 84 suka rasu a Najeriya, haka kuma ya shiga magungunan tari a Gambiya a 2022, aka rasa yara kusan 70.

Wanda ya sha, da farko kamar mai maye yake, da jiri da amai. Daga baya numfashi ya yi sauri, bayan kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya ɗauke. Tsakanin nan yana iya zama kamar ya warke, a nan ake yin sakaci. Kada a zuba shi a gorar lemo ko ta ruwa a ajiye a gareji inda yara ke wucewa. Idan wani ya haɗiya, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A ɗauki jarkar a tafi babban asibitin da ke da wankin ƙoda nan take, ko da yana tafiya da ƙafarsa, domin maganin da ke hana hanta juya gubar a sa'o'in farko yake aiki.