Hukuncin Mai Shagon da Bashin 'Yan Unguwa ke Cinye wa Jari

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina da shagon tireda a Kano, ina saro kaya a Kasuwar Singa. 'Yan uwa da maƙwabta na ɗaukar kaya bashi, in na tuna musu sai a ce ba ni da zumunci, ga jari yana ta raguwa. Ko akwai laifi in na daina, ko in ƙara farashi ga mai sayen bashi?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗan uwa, sayar da kaya bashi alheri ne, amma ba wajibi ba ne a kanka, kuma hanawa ba yanke zumunci ba ne. Sai dai ban so ka rufe ƙofar gaba ɗaya. Ma'aikacin da ka rufa wa asiri kafin albashi shi ne abokin cinikinka na gobe, shagon unguwa da yarda yake tsayawa. Manzon Allah (SAW) kansa ya sayi sha'ir bashi a wurin Bayahude, ya jinginar da sulkensa.

Inda ake shiga uku shi ne kunyar rubutawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da ajalinsa. Don haka ka ajiye littafi, kowa da iyakarsa, har baffanka. Wanda ya ji haushin rubutun ka karanta masa ayar cikin ladabi.

Sannan ka bambanta masu bashin. Wanda ya rasa da gaske, aya ta 280 ta ce a saurara masa har ya samu. Wanda yake da shi yana ja maka rai kuwa, hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya kira jinkirinsa zalunci. Ka nemi haƙƙinka, in ta kama ka kai shi gaban mai unguwa.

Ƙarin farashi saboda ajali ya halatta a wurin jumhurun malamai, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda ma ta tabbatar da haka a 1990, muddin an yanke farashi ɗaya tun wajen ciniki. Amma ƙari bayan ajali ya cika don bai biya ba, wannan riba ce haramtacciya.

In jarin na wani ne ya ba ka ka juya ku raba abin da aka samu, to a mazhabar Malikiyya ba ka da ikon sayarwa bashi sai da izininsa.

Wallahu a'alam.