Askata na tsatsa, in ci bashi in sayi dutsen wasa mai tsada?

Tambaya: Salam Malam. Ina da shagon aski kuma ina aiki da aska irin mai naɗewa cikin ƙotarta. Matsalata ita ce ba ta jimawa sai ta dakushe ta fara tsatsa, in yar in sayi wata, kuɗi sai fita suke. Wani abokin sana'a yace in sayi cikakken saitin duwatsun wasa na Japan, wai har in riƙa wasa wa mutane ina samun ƙarin kuɗi. Kuɗin da yawa, sai dai in ci bashi. In ci ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Kar ka ci bashin nan, aƙalla ba yanzu ba. Abokin naka bai yi ƙarya ba, duwatsun Japan suna da kyau sosai, amma daga yadda ka faɗi matsalar ni ina ganin danshi ne ke cin kuɗinka, kuma dutse baya maganin danshi. In ka sayi saitin nan baka gyara yadda kake ajiye aska ba, zuba ruwa a kwando kawai zakayi, ga bashi a wuya ga tsatsa na nan inda take.

Yawancin aska masu kyau da ƙarfen kabon ake ƙera su, shi yafi ɗaukar kaifi kuma yafi sauƙin wasawa, amma ko kaɗan baya shiri da ruwa. Akwai masu hana tsatsa, zaka ga an rubuta stainless ko inox a jiki, su ma in aka barsu a jiƙe suna tabo. Abin da mutane basu lura da shi ba shine tsatsar da kake gani ja a jikin aska ba ita ce ta fara ba, tun kafin nan bakin askar, wanda yafi gashi siranta nesa ba kusa ba, ya riga ya fara cinyewa ta yadda ido baya gani, washegari ka ɗora a gemun kwastoma kaji tana ja kace ta dakushe. Askar da kamfani irin Dovo na garin Solingen a Jamus ke yi tun 1906, ko Thiers-Issard na Faransa da ya fara a 1884, ko tsoffin na Sheffield a Ingila, akwai waɗanda sun haura shekara 100 kuma har yau ana aski dasu. Aska ba kayan yarwa bace, jari ce. Sai dai ka duba taka da kyau, don in irin mai arhar nan ce mai ƙarfe laushi to ko wane dutse ka kawo ba zata riƙe kaifi ba, kuma kar sunan da aka buga a jiki ya ruɗe ka, sunan Solingen doka ce ke kare shi a Jamus amma duk da haka jabu suna yawo.

To ga abin da zakayi bayan kowane aski, kuma kusan kyauta ne. Ka wanke kumfa da gashi daga kan ƙarfen kawai, kar ka tsoma askar gaba ɗaya a ruwa, don wurin ƙusar nan da ta haɗa ƙarfe da ƙota nan ruwa ke maƙalewa kuma daga nan tsatsa ta fi farawa. Ka goge da tsumma mai laushi busasshe, kana kama ta bayan askar kana ja, kar tsumman ya bi ta kan bakin, zai lanƙwasa kaifin ko ya yanke ka. Ka naɗe ɗan tishu ka zura tsakanin ƙotar ka tsane cikin. Sannan ka barta a buɗe ta sha iska kafin ka naɗe, mutane da yawa nan suke kuskure, su goge sama-sama su naɗe su jefa a aljihun tebur. In an tashi aiki ka shafa mata ɗigon mai mara nauyi, man keken ɗinki ya isa, amma banda man girki don shi yana daskarewa yayi danƙo har da wari. Da safe ka goge man kafin ta taɓa fatar mutum.

Wurin ajiya ma da magana. Kuben fata yana da kyaun gani amma yana riƙe danshi, don tafiya ne ba don ajiyar watanni ba. Ka samu akwati busasshe nesa da inda ake wanke kai, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. In kana da tsohuwar aska mai ƙotar roba irin ta da, wato seluloyid, kaga ƙarfen na tsatsa daidai inda ƙotar ke rufe shi ko kaji wani wari mai tsami, ka raba ta da sauran nan take, ƙotar ce ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe kuma zata lalata na kusa da ita.

Kafin dutse ma, kana da fatar goga aska? In babu to ita zaka fara saya. Fata bata cin ƙarfe, miƙar da bakin take yi ta share shi, kuma askar da ake gogawa a fata kafin kowane aski tana daɗewa bata nemi dutse ba. Ka ja fatar ta miƙe, ka kwantar da askar, bayanta ne ke gaba baki na biye, in ka kai ƙarshe ka juya ta kan bayanta ba ta kan baki ba, kamar sau 30 zuwa 50 ba tare da dannawa ba.

Yanzu maganar dutsen. Lambobin da kake gani a jiki suna nuna laushinsa ne, 1000 na gyara bakin da ya mutu ko ya ɗan ɓalle, 4000 na goge zanen da na farkon ya bari, 8000 na fitar da kaifin da za a iya aski dashi, 12000 kuma ƙarin santsi ne, daɗi ne ba dole ba. Kai da askarka ke aiki kullum, dutse ɗaya mai fuska biyu 4000 da 8000, irin wanda kamfanin Norton ke yi, zai ɗauke maka kusan duk buƙatarka, na 1000 ka ƙara daga baya daga cikin riba. Zaka ji ana zuzuta dutsen Beljiyam mai ruwan ɗorawa da ake kira coticule, da na Arkansas a Amurka, duk masu kyau ne amma ba su ne matsalarka ba yau. A kan dutse baki ne ke gaba, akasin fata, kuma askar a kwance take baya da baki duk suna taɓa dutsen, kaurin bayan shi ke saita kusurwar, in ka ɗaga shi kamar mai wasa wuƙar kicin ka kashe bakin.

Shi kansa dutsen in baka kula dashi ba shi zai ɓata maka aska. Akwai dutsen ruwa akwai na mai. Na ruwa, ruwa kawai yake so, ranar da ka zuba masa mai ya toshe ƙofofinsa shikenan. Wasu ana jiƙa su minti 10 zuwa 15 kafin aiki, wasu kamar na kamfanin Shapton yayyafi kawai suke so, in ka barsu cikin bokiti suna iya laushi ko tsagewa, don haka ka karanta takardar da ta zo dashi. In ka gama ka wanke baƙin nan da ya taru a kai, garin ƙarfe ne, ka jingine shi a inuwa ya bushe a hankali, banda rana banda kusa da wuta. Na mai kuma irin Arkansas, mai mara nauyi ake sa masa, in ya toshe a wanke da ɗan kananzir. Babban abin da ake mantawa shine dutse yana ramewa a tsakiya, kuma dutse mai rami ba zai taɓa baka baki miƙaƙƙe ba. Ka zana masa layuka da fensir a tsaye da a kwance, ka shimfiɗa sanfefa mai jure ruwa a kan gilashi mai kauri, ka jiƙa ka goga dutsen har duk zanen ya ɓace. Ko sabo ne ka yi masa haka kafin aikin farko.

Akwai maganar da baka tambaya ba amma ta shafi aljihunka fiye da duk waɗannan. Aska ɗaya a fuskar mutane da yawa haɗari ne. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jiki, a busasshen jinin da ko ganinsa baka yi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a 2022. Sai an wanke askar da sabulu tukunna a sa maganin kashe ƙwayoyi, irin Barbicide minti 10 ake bari a ciki, a tsane a busar. Bilic yana cin ƙarfe, ƙona baki da wuta kuma yana kashe ƙarfin ƙarfen ta daina riƙe kaifi, ita fatar gogawa ma ba a iya tsarkake ta yadda ya kamata. Shi yasa a wurare da yawa hukumomin lafiya ke son masu shago suyi aiki da aska mai cin reza, a ɓare sabuwa a gaban kwastoma a yar bayan an gama. Ka binciki dokar inda kake. Ni a ganina wannan ya kamata ta zama ta aikin yau da kullum, ita askar gaske ka ware ta ga kwastoman da zai sayi tasa ka rubuta sunansa ka ajiye masa, ka caje shi kuɗin kula da ita. Kaga nan ma wata ƙofar samu ce, kuma irin wannan kwastoman baya sauya shago da wuri.

Wasa wa mutane kuwa sana'a ce mai kyau amma hannu ake saya ba dutse ba. In ka ɓata askar wani kai zaka biya. Ka koya a kan tsoffin naka da ka yar, in suna nan ka tattaro su, da yawa tsatsar sama ce kawai zasu dawo. Kar kuma ka ɗora wuƙa ko almakashi a kan dutsen askarka, zasu yi masa kwari. Ka ɗauki littafi ka rubuta abin da ka kashe a sayen aska cikin wata shida da suka wuce, ka bi tsarin gogewa da man nan wata biyu ka sake dubawa, a lokaci guda ka tambayi masu aski na kusa da kai mutum nawa ne zasu kawo maka wasawa kuma nawa zasu iya biya. In lissafin ya nuna kuɗin wasawa kaɗai zai mayar da kuɗin saitin cikin 'yan watanni, ka saya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin shagon, na 4000 da 8000 a farko.