Direban fitilar LED na wat 240, mita tana nuna 225: an cuce ni ne?

Wani mai karatu da ke renon tumatir da barkono a cikin ɗaki ya aiko da wannan: "Na haɗa allunan fitilar LED guda biyu, kowanne mai ƙwayoyi 288, na ba su direban Mean Well HLG-240H-C2100A. Na murɗa shi har ƙarshe, amma mitar soket tana nuna wat 228 da zarar na kunna, bayan rabin awa ta koma 224. Direban jabu ne?"

Malam, kwantar da hankalinka, babu alamar cuta a nan. Lambar 240 da ke jikin direba, wato na'urar da ke karɓar wutar soket ta daidaita ta ga allunan, iyakar nauyin da zai iya ɗauka ce, ba abin da dole ya ja ba. Irin naka mai harafin C yana riƙe ampiya ne, ba ya barinta ta motsa: miliampiya 2100 zai tura, boltej kuwa allunan ne ke faɗin nawa suke so. Allo mai ƙwayoyi 288 galibi layi 16 ne, kowane layi da ƙwaya 18 a jere. Ƙwaya ɗaya tana cin wajen bolt 2.8, sau 18 ya ba ka kusan bolt 50. Alluna biyu a jere bolt 100 ke nan, sau ampiya 2.1, wat 210. Shi kansa direban yana cin ladansa, domin kusan kashi 93 cikin ɗari na wutar da ya ja yake miƙa wa allunan, saura ya zama zafi a jikinsa. Raba 210 da 0.93, ka ga 226. Mitarka gaskiya ta faɗa.

Saukar da kake gani bayan rabin awa ita ma ɗabi'ar LED ce. In ƙwaya ta yi ɗumi, boltej ɗin da take nema yana raguwa kaɗan, ampiya kuma tana nan daram, sai wat ya sauka. Shi ya sa ba a karanta mita sai fitila ta gama ɗaukar zafinta.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne "na murɗa shi har ƙarshe". Don me? Miliampiya 2100 a layi 16 na nufin kowace ƙwaya tana ɗauke da wajen 131. Idan ƙwayoyinka Samsung LM301B ne, ingancin da kamfanin ke tallatawa a kan miliampiya 65 aka auna shi, iyakarsu kuma 200. Ba ka kai bakin haɗari ba, amma ka ninka inda suka fi ba da haske a kan kowane wat. LED haka take: kana ƙara mata wuta tana ƙara haske, sai dai ba daidai da abin da ka ƙara ba, ragowar zafi ne. Ɗauki ƙaramin sukundireba, cire robar da ta toshe ramin da aka rubuta Io ADJ, ka murɗa a hankali kana kallon mita har ta sauko wajen wat 150, wato kusan miliampiya 1400. Wutar ta ragu da fiye da sulusi, hasken bai ragu da sulusi cikakke ba, farantin alminiyum da ke bayan allon kuma zai daina ƙona hannu. Tsiron da bai wuce ganye huɗu ba ko wannan ya yi masa yawa. Za ka ga ganyen saman suna kwailewa, gefensu yana nannaɗewa. Ka bar cikakken ƙarfi sai sun fara fure da 'ya'ya. Lissafin kuɗin wuta ma zai nuna maka: wat 226 na awa 16 ya kai kilowat-awa 3.6 a rana, wat 150 kuwa 2.4.

Wani kuma, mai irin wannan haɗin, yana so ya ƙara allo na uku a kan direban da yake da shi.

Kada ka yi. Takardar bayanin wannan direba ta ce boltej ɗinsa daga 59 zuwa 119 ne. Alluna uku a jere suna neman wajen 150, don haka ko dai su ƙi kamawa ko su riƙa ƙifta ido. In ka ce bari ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kowanne da wayarsa zuwa direba, boltej ya koma 50, ƙasa da inda direban ke fara aiki yadda ya kamata. Ko da a ce ya kama, ampiyar nan ɗaya ce za su raba uku, ba ka ƙara wuta ba. Allo na uku yana bukatar nasa direban, ko ka sayi babba wanda tazarar boltej ɗinsa ta ɗauke su duka.

Masu son haɗin kafaɗa da kafaɗa su nemi direba mai ƙaramin boltej, irin waɗanda lambarsu ke ƙarewa da 48A ko 54A, wato masu bolt 48 ko 54, gwargwadon abin da allon ke so. Amfaninsa shi ne boltej bai kai na haɗin jere ba, wanda in ya haura 100 ba abin wasa da hannu ba ne. Illarsa kuma, allon da ya fi zafi yana jan wuta fiye da 'yan'uwansa, ya ƙara zafi, ya ƙara ja. Sai alluna su zama iri ɗaya, wayoyi tsawo ɗaya, a kuma ɗaure iyakar ampiya da Io ADJ yadda ko waya ɗaya ta fita saura ba za su ƙone ba. Kowane haɗi za ka yi, cire direba daga soket tukuna. Jona allo a kan direban da ke kunne yana iya kashe ƙwayoyi nan take.

Wata 'yar'uwa mai shuka latas da ganyayen ƙamshi ta ce ta ga direba iri ɗaya, wani ya ƙare da A, wani da B, wanne za ta saya?

Malama, tambayi kanki sau nawa za ki taɓa shi. Mai A saitinsa a jikinsa yake, da sukundireba, kuma a yawancinsu bai fi rabi zai rage ba. Ya dace da wanda zai saita sau ɗaya ya manta. Mai B yana da wayoyi biyu na daban, DIM+ da DIM−, da za ki jona wa makunnin murɗawa mai kilo'om 100, ki kafa shi inda hannunki ke kaiwa, yana kuma saukowa ƙasa sosai fiye da mai A. In kin bar wayoyin ba a jona komai ba, cikakken ƙarfi zai bayar. Ki lura cewa makunnan nan da yawa ba sa cika kilo'om 100 ɗin, sai ki ga kin murɗa ƙarshe wuta ba ta kai ba; laifin makunni ne, ba na direba ba. Ga mai latas, wanda ba ya son haske mai tsanani kuma kullum akwai sabon tsiro a gefe, B zan zaɓa. Amma kada ki sayi ƙaton direba ki riƙa tafiyar da shi a kashi ashirin, domin ingancinsa yana faɗuwa in nauyin ya yi masa kaɗan.

Sai mai tambaya a kan fitilar da aka rubuta wa 1000W amma mita ta nuna 105. Wannan lambar talla ce. Nemi layin da ya faɗi ainihin wutar da take ja daga soket, in babu shi a takardar, ajiye fitilar ka duba wata.