Maigida ya aske min kilematis, bana ko fure ɗaya babu

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Mu a Birmingham muke, shekara uku kenan da muka tare a gidan nan, mun tarar da wata fulawa mai yaɗo a jikin katangar katakon bayan gida, maƙwabcinmu Bature yace sunanta kilematis. Duk watan Mayu sai ta rufe katangar ruf da ƙananan furanni ruwan hoda masu kunne huɗu-huɗu, har hoto nake turawa gida. To a Fabrairun bana maigida ya ga maƙwabcin nan ya datse tashi har ƙasa shima sai ya ɗauko almakashi ya yiwa tawa aski tas, yanzu gashi ta maƙwabci ta cika da fure shuɗi mai duhu a Yuli tawa kuwa ganye kawai take zubawa. Ta lalace kenan? Daga wata 'yar uwa a Birmingham.

AMSA: Wa'alaikis salam 'yar uwa. Kwantar da hankalinki bata lalace ba, kuma a yiwa maigida uzuri, gani yayi anyi shima yayi, bai san sunan ne kawai ɗaya ba amma halin kowacce daban. Irin kilematis ya kai wajen 300 a duniya banda waɗanda masu lambu suka haɗa aure tsakaninsu.

Yadda kika kwatanta taki, fure ƙanana masu kunne huɗu a watan Mayu, wannan montana ce, asalinta daga tsaunukan Himalaya. Ita a jikin tsohon reshe take fure, wato reshen da ta yi bara shi ke ɗauke da furen bana, tun kafin sanyi ya shigo ta gama shirya kayanta. Kinga kenan ranar da maigida ya sa almakashi a Fabrairu furen Mayu ya kwashe ya zuba a bola. Ta maƙwabcinku kuwa da alama Jackmanii ce ko 'yar uwarta, wadda wani mai gandun shuke-shuke George Jackman ya samar a garin Woking a 1858, ita a sabon reshe take fure shi yasa ake datse ta a Fabrairu ko farkon Maris a bar kamar santimita 30 daga ƙasa, in ba'a yi mata haka ba ma sai ƙasanta ya zama ƙirare furen ya gudu can sama inda ba mai gani.

To yanzu abin yi shine kar ki yi komai. Rassan nan da kike ganin ganye ne kawai, sune furenki na baɗi, ki dinga ɗaure su a jikin katangar suna bajewa gefe da gefe kada su cure waje ɗaya. In har ta yi miki yawa nan gaba, dan montana akwai haɗama wallahi tana iya haye rufin shago, sai ki rage ta da zarar furen ya zube a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ba kafin nan ba. Almakashin nan dai a ɓoye shi daga Janairu.

Akwai kuma wani kashin kilematis da ya kamata ki sani ko da za ki ƙara saye, masu manyan furanni kamar faranti irin su Nelly Moser, suna yi a Mayu zuwa Yuni su ɗan ƙara a ƙarshen Agusta. Waɗannan busasshen reshe kawai ake cirewa a Fabrairu, a bi daga sama a yanke daidai kan toho mai rai na farko. Kuma in za ki dasa su ki nutsa su ƙasa fiye da yadda suke a roba da kamar santimita 5 zuwa 8, dalili kuwa akwai wata cutar funfuna da ke kama su, ki kwanta lafiya ki tashi ki ga reshe guda ya yi yaushi ganyen ya yi baƙi kamar an watsa masa ruwan zafi. In hakan ta faru ki yanke reshen har inda yake da lafiya ki jefar a shara, wadda aka dasa da zurfi sau da yawa takan sake tohowa daga cikin ƙasa. Amma ki fara duba gindin tukuna, wani lokacin ba cuta bace dodon koɗi ne ya gwaguye shi da dare, Ingila kam Allah ya hore musu shi. Ki sa safar hannu in za ki yi yankan, ruwan jikinta na sa ƙaiƙayi.

TAMBAYA: Anti na ga fulawar nan a gidan ƙanwata a Landan ta shiga raina, in ta taho min da ita za ta yi a Kano? Daga wata Hajiya a Kano.

AMSA: Hajiya gaskiya ba zan baki shawarar ki wahalar da kanki ba. Ita wannan shukar kanta ne ke son rana amma saiwarta sanyi da danshi take so, har a Ingilar ma sai an lulluɓe gindinta da ruɓaɓɓen ganye ko a dasa wata gajeriyar shuka ta yi mata inuwa, to ina ga Afrilun Kano da zafi ke haura digiri 40 ƙasa na ƙuna kamar tanda. Sannan yawancinsu suna buƙatar sanyin hunturu na gaske su yi barci kafin su farfaɗo. Da Jos kike ko Mambila da sai ince a gwada a babbar tukunya a ajiye inda rana ke bugawa da safe kawai, shima gwaji ne. Ga kuma batun shigo da shuka mai rai ta filin jirgi, sai da takardar izinin NAQS, hukumar da ke tantance shuke-shuke da dabbobin da ake shigowa da su Najeriya, kar ƙanwarki ta ƙunsa a akwati a ƙwace. In katangar da ta sha fure kike so ki je wajen masu sayar da fulawa na bakin titi ki ce su baki bogenbiliya, akwai ja akwai fara akwai ruwan goro, ita zafin ma shi take so, in kin cika mata ruwa ne ma take ƙin fure.