Tambaya da Amsa: Zan kama doguwar hanya da keke da tanti, Mama ta ce gwada Allah nake yi

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa Baba mai wannan fili. Ni matashi ne Kirista, shekarata 26, kusan shekara biyu kenan ina tara kuɗi don in yi doguwar tafiya a keke, kamar wata uku haka, duk inda dare ya yi min in kafa tanti in kwanta. Damuwata biyu ce. Mama ta ce wannan gwada Allah ne, ta ƙi sa min albarka. Sannan ina jin wai masu irin wannan tafiya mutanen da ba su san su ba ke taimakonsu da ruwa da wurin kwana, ni kuma gaskiya kunya nake ji, sai in ga kamar bara ne. Dan Allah a ba ni shawara. Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗana sannunka, wasiƙarka ta tuna min da ƙafafuna na da. Bari mu fara da maganar Mama tunda ita ce gaba.

Ba ta yi ƙarya ba fa, akwai abin da ake kira gwada Allah, a Matiyu sura 4 Iblis ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali mala'iku za su tare shi, ya ƙi. Kai ma in ka fita da taya ta cinye, ba faci ba famfo, ba wanda ya san inda ka dosa, ka ce ai Ubangiji zai tanada, to dirowar kenan. Amma ka karanta mata Luka 22:35-36, Yesun da ya aiki almajiransa ba jaka ba kuɗi a farko shi ne daga baya ya ce mai jaka ya ɗauki abarsa. Kai ɗin jakarka ita ce tiyub biyu na ko-ta-kwana, kayan faci, famfo, sifana, man sarƙa, tocila, da gorar ruwa fiye da yadda kake zato. Kuma ka koyi faci da hannunka tun a gida, ka hura tiyub ka kai kusa da leɓenka za ka ji iskar na fita, sannan ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ƙayar, in ba haka ba bayan minti goma ka sake sauka kana zagin keken da bai maka komai ba.

Kar ka ce za ka yi kilomita 150 ranar farko, keke mai kaya ba irin wanda ka saba ba ne, 50 zuwa 70 ya isa har gwiwa ta saba, kuma ka fara neman wurin kwana tun rana ba ta faɗi ba.

Tafiyar ma ai ba kai ka fara ta ba. Thomas Stevens ya tashi daga San Faransisko a Amurka a Afrilun 1884 a kan irin keken nan mai ƙatuwar tayar gaba, ya ƙare a Yokohama ta Japan a Disambar 1886, rigar ruwansa ce tantinsa kuma ita ce shimfiɗarsa. Wani Bajamushe Heinz Stücke ya bar gida a 1962 ya yi sama da shekara 50 yana yawon duniya a keke, wannan kam kar ka ba Mama labarinsa.

To maganar bara, nan nake so ka tsaya da kyau. Ni ma haka nake da, ban iya karɓa ba, bayarwa kawai na iya, ashe girman kai ne ya sa rigar kunya. Wani dare ruwa ya kama ni a hanya, sandar tanti ta karye, na rakuɓe jikin katangar wata 'yar coci ina rawar sanyi, sai ga wata tsohuwa da fitila ta haska fuskata ta haska keken, ba ta tambaye ni addinina ba ko sunana, ta tafi ta dawo da makulli da bargo mai ƙamshin hayaƙi ta buɗe min na kwanta tsakanin benci biyu. Da safe na ciro kuɗi na miƙa mata, yadda ta kalle ni har yau in na tuna sai in ji kunya, ta ture hannuna ta ce in dai ina so in biya to in yi wa jikanta addu'a ba shi da lafiya. Muka tsaya nan bakin ƙofa muka yi.

Ka duba mana, Yesu da kansa ya gaji da tafiya ya zauna bakin rijiya ya ce wa Basamariya ta ba shi ruwa, yana nan a Yohanna sura 4. Iliya ma gwauruwar Zarefat ce ta ciyar da shi. Ibraniyawa 13:2 ta ce a riƙa saukar da baƙi domin ta haka wasu suka sauke mala'iku ba su sani ba, to in kowa ya ce shi ba zai zama baƙo ba wa za a sauke? Inda abin ke lalacewa shi ne ka fita da niyyar mutane su ɗauki nauyinka, wannan ci da guminsu ne. Ka tafi da guzurinka, abin da aka ba ka ka karɓa da hannu biyu, in ka ga gidan ba su da shi kar ka cinye, ka taya su wani aiki, ka tashi da wuri. Kuma ba duk masu taimakon ne za su zama Kirista ba, da yawan waɗanda suka yi min alheri ba addininmu ɗaya ba, Basamariyen Luka 10 ma, wanda ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka raunata, ai ba ɗan gida ba ne.

Amma fa in zuciyarka ba ta kwanta da mutum ba, ko ya dame ka da tambayar me ke cikin jakarka, ka yi godiya ka hau kekenka. Tanti kuma ba ko'ina ake kafawa ba, a Norwe doka ta yarda in ka ba gidan mutane tazarar mita 150, Sikotlan ma tana da dokar 2003 da ta ba da dama, amma a ƙasashe da yawa sai da izinin mai fili, don haka ka tambaya, sau da yawa ma tambayar ce ke buɗe maka ƙofa. In kana son hanyar da aka saba da matafiya masu bangaskiya akwai ta masu ziyarar ibada zuwa birnin Santiyago a Sifen, mai keke sai ya yi aƙalla kilomita 200 kafin a ba shi takardar shaida, mai ƙafa 100, kuma a masaukai da yawa masu ƙafa ake fara ba gado, mai keke ya jira yamma.

Mama kuma kar ka tafi ba da yardarta ba. Ka fara yin ta kwana uku ka dawo ta gan ka lafiya, ka zana mata hanyar a takarda, ku sa lokacin da za ka riƙa kiranta kullum, in da hali ku je wajen fasto tare. In ka dawo ka rubuto mana mu ji faci nawa ka yi.