Me ya sa korutin ɗina na biyu ba ya motsi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Tahoua. Mahaifina yana da garkar albasa, na haɗa masa ƴar na'urar ESP8266 mai ɗauke da manhajar NodeMCU, ina rubuta mata umarni da harshen Lua don ta kunna injin ban ruwa, ta kuma riƙa auna laimar ƙasa. Na ji an ce korutin (coroutine, wata dabarar tsara umarni a Lua) yana sa ayyuka biyu su tafi tare, sai na sa kowane aiki cikin nasa. Amma muddin injin yana cikin minti gomansa, awo ya tsaya cak, wani lokaci ma na'urar ta mutu ta sake tashi da kanta. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya yi wa garkar albarka. Kuskuren ya fara ne tun daga abin da aka gaya maka, don korutin ba ya tafiyar da ayyuka biyu lokaci guda. ESP8266 ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, kuma Lua layi ɗaya yake bi a kowane lokaci.

Ka ɗauki rijiya mai guga ɗaya, masu ɗiba biyu. A manyan kwamfutoci akwai mai tsaron rijiyar, wato babbar manhajar na'ura, wanda yake karɓe gugar daga hannun mutum in lokacinsa ya cika, ko ya so ko bai so ba. A tsarin korutin babu wannan mai tsaro. Wanda guga ke hannunsa shi zai miƙa ta don kansa. In ya riƙe igiya ya tsaya yana jiran jakinsa ya gama shan ruwa, na bayansa sai dai ya zuba ido. Haka Windows 3.1 ta kasance a farkon shekarun 1990: manhaja ɗaya in ta ƙi sakin hannu, sauran duka sun daskare.

Abin da korutin ya iya, wanda aiki na yau da kullum bai iya ba, shi ne tsayawa a tsakiya ba tare da mantuwa ba. In ya kira `coroutine.yield`, sai ya ajiye inda ya tsaya da duk lissafin da ke hannunsa, ya mayar da iko ga wanda ya tashe shi. Sa'ad da aka kira `coroutine.resume`, sai ya ɗora daga layin da ke biye. Dabarar tsohuwa ce, Melvin Conway ya raɗa mata suna tun 1958. Lua kuwa, wanda aka ƙirƙira a wata jami'a a Riyo ta ƙasar Burazil a 1993, ya samu korutin ne a fitowa ta 5.0, cikin 2003.

Ban ga abin da ka rubuta ba, amma alamun da ka faɗa na wanda ya yi jira da `tmr.delay` ne, ko da zagayen `while` marar `yield` a ciki. Shi `tmr.delay` ba barci yake sa na'ura ba, juyi yake sa ta yi wuri ɗaya har lokaci ya cika. Mutuwa da tashin da kake gani kuwa sun fi kama da aikin zagayen `while` ɗin: cikin na'urar akwai wani agogo mai gadi, in ya ga an daɗe ba a mayar da iko ga tsarin da ke kula da Wi-Fi da sauransu ba, sai ya ɗauka ta maƙale, ya sake kunna ta.

Maganin shi ne duk inda za a yi jira, a yi shi da miƙa guga:

```lua
local function jira(dakika)
  local karshe = tmr.time() + dakika
  while tmr.time() < karshe do
    coroutine.yield()
  end
end
```

Cikin korutin na injin sai ka kunna, ka kira `jira(600)`, ka kashe. Ga mai karatu kamar an tsaya minti goma ne, alhali a kowane zagaye an duba agogo an saki hannu. Wannan ne abin da ya sa nake son korutin: umarnin yana karantuwa daga sama zuwa ƙasa yadda mai garka zai faɗi aikinsa da baki.

Saura mai rabon layi, wanda Lua bai zo da shi ba, kai za ka rubuta. Kada ka yi shi da `while true`, don za ka koma gidan jiya da mai gadin nan. Ka yi amfani da `tmr.create():alarm(100, tmr.ALARM_AUTO, ...)`, ta yadda sau goma a daƙiƙa za a bi korutin ɗinka ɗaya bayan ɗaya a tashe su, sannan a mayar wa na'ura ikonta.

Akwai tarko guda da ya fi wannan ɓata rai, kuma a garka yana iya jawo asara. In kuskure ya faru cikin korutin, ba ya ihu. `resume` kawai zai dawo da `false` tare da saƙon kuskuren, korutin ɗin kuma ya mutu, `coroutine.status` zai nuna `dead`. Wanda bai duba abin da `resume` ya dawo da shi ba zai ga komai lafiya lau. To ka ƙaddara korutin na injin ne ya mutu bayan ya kunna, kafin ya kai layin kashewa. Ruwa zai yi ta zuba har mai ya ƙare ko albasa ta nutse. Don haka a wurin rabon layi ka riƙa karɓar amsar `resume` kowane lokaci, in ka ga `false`, abu na farko shi ne kashe injin, sannan a buga saƙon. Ka gwada wannan da gangan a ɗaki, ka saka kuskure cikin korutin ɗin ka ga ko fitilar gwaji da ka sa a madadin injin ta mutu, kafin ka kai na'urar wurin Baba.