Amsa: Shin zauren ƙwallon kwando na Rizal da ke Manila sabon gini ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zauren da ka gani a hoto sabo ne, ko tsoho ne aka yi wa kwaskwarima. Tsoho ne ƙwarai. An buɗe shi a 1934, zanen Juan Arellano, wani masanin zanen gine-gine ɗan Filifin, kuma asali ma filin wasan tenis ne, ba na kwando ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya yi masa raga-raga a gumurzun Manila na 1945. Sai a 1953 aka sake tayar da shi a matsayin rufaffen zaure, inda a 1954 'yan Filifin suka ɗauki zinare a ƙwallon kwando na gasar Asiya, a gaban jama'arsu.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne na wajen 2016, lokacin da aka fara zancen sayar da filin don gina manyan kantuna. Wallahi da an yi haka da an tafka asara babba, domin gasannin jami'o'in ƙasar sun shafe shekaru da dama a nan, kuma 'yan wasa da yawa a nan suka yi suna. Masu kishin tarihi suka tashi tsaye, a 2017 aka ayyana wurin a matsayin kayan tarihi na ƙasa.

Gyaran da ka gani na 2019 ne, gabanin gasar kudu maso gabashin Asiya. An sa na'urar sanyaya iska, an sabunta kujeru, amma fuskar ginin ta asali aka dawo da ita.